Madubin Hangen Nesa a Bakin Titi: Me Ake Nuna wa Jama'a, Kuma Me Ya Sa?

A manyan birane da dama na duniya akwai wata al'ada da ta haura shekara 50 tana yaɗuwa. Da zarar duhu ya fara, sai wani ya kafa madubin hangen nesa a bakin titi, ko a dandalin da mutane ke shan iska, ya riƙa kiran masu wucewa su zo su leƙa farin wata ko ɗaya daga cikin duniyoyin da ke kewaya rana. Ba ya karɓar ko sisi, ba ya tallan komai, kuma galibi ba malamin jami'a ba ne. Wanda bai san al'adar ba yakan yi mata fassara iri-iri. Wani ya ɗauka duba ake yi, wani ya ce nishaɗin waɗanda cikinsu ya cika ne, wani kuma ya ce ɓata lokaci ne tunda hotunan da hukumomin sararin samaniya ke fitarwa sun fi abin da za a gani kyau nesa ba kusa ba. Kowace daga cikin fassarorin nan tana da abin da ta dogara da shi, kuma ta cancanci amsa. Ra'ayin da wannan sharhi ya tsaya a kai shi ne, ƙimar aikin ba ta cikin kyan abin da ake gani. Tana cikin cewa mutum ya tashi daga matsayin wanda aka ba labari ya koma wanda ya shaida da idonsa, kuma a zamanin da jita-jita game da sama ke yawo a waya ba kama hannun yaro, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Madubin hangen nesa na'ura ce mai tattara haske. Ƙwayar idon mutum, ko a cikin duhu, ba ta buɗewa fiye da kamar milimita 7, saboda haka hasken da ke shiga cikinta kaɗan ne. Na'urar tana da gilashi ko madubi mai faɗi wanda ke tara haske mai yawa ya taƙaita shi wuri guda, sannan wani ƙaramin gilashi da ake ɗora ido a kai ya girmama siffar. Iri biyu suka fi shahara: mai gilashi a gaba, wanda haske ke ratsawa, da mai madubi a ƙasan bututu, wanda ke mayar da hasken sama. Faɗin gilashin ko madubin shi ne ainihin ƙarfin na'urar. Yawan ninkin girmamawa da 'yan kasuwa ke rubutawa a jikin kwali, sau 500 ko sau 600, yawanci yaudara ce, domin ƙaramin gilashi idan aka matsa masa sai ya ba da siffa babba amma dishi-dishi.

Sai bambancin tauraro da duniya. Tauraro rana ce mai hasken kanta, sai dai tana da nisan da ko da babban madubi ba ta wuce ɗigon haske. Duniya kuwa, a ma'anar da ake nufi a nan, dunƙulalliyar halitta ce mai kewaya rana, ba ta da hasken kanta, na rana take mayarwa. Takwas ne a lissafin da ƙungiyar masana sararin samaniya ta duniya ta amince da shi a taronta na birnin Prague a 2006, lokacin da aka cire Pluto daga jerin. Biyar daga ciki ana ganinsu da ido tsirara tun zamanin da, kuma malamanmu sun san su da sunayen Larabci: Uɗaridu, Zahra, Mirriku, Mushtari da Zuhal, waɗanda kafafen labarai ke kira Mercury, Venus, Mars, Jupiter da Saturn. Abin da Bahaushe ke kira Zara matar wata, mai haske kusa da jinjirin wata da yamma, da gamzaki mai fitowa da asuba, abu guda ne, duniyar Venus ce a lokuta biyu na zagayenta. Hanya mai sauƙi ta rarrabewa ita ce taurari sukan yi ƙyalƙyali, duniyoyi kuwa haskensu ya fi tsayawa cak.

Cakuɗewar da ta fi kowace illa ita ce ta ilimin falaki da duba. A bakin mutane duka biyun ana ce musu ilimin taurari. Ilimin falaki lissafi ne da aunawa: yaushe wata zai tsaya, ina alƙibla take, yaushe za a yi husufi, wace duniya ce za ta fito a wane sashe na sama. Duba kuwa iƙirari ne cewa matsayin taurari yana faɗin abin da zai sami mutum a aure ko fatauci. Mai madubi a bakin titi yana cikin rukuni na farko kacokan. Zai iya gaya maka ƙarfe nawa ɗaya daga cikin watannin Jupiter zai ɓuya a bayanta, kuma idan lokacin ya yi ka leƙa ka tabbatar. Ba shi da abin da zai ce game da arzikinka.

Daga hasumiyar Venice zuwa titunan San Francisco

Nuna wa jama'a ya zo tare da na'urar kanta. A 1608 wani mai haɗa tabarau a ƙasar Holan, Hans Lippershey, ya nemi a yi masa rajistar ƙirƙirarta. A 1609 Galileo ya ƙera tasa a Italiya, kuma cikin watan Agusta na shekarar ya hau hasumiyar birnin Venice da manyan gari ya nuna musu jiragen ruwa tun suna nesa. A Janairun 1610 ya juya ta sama ya ga ɗigogi huɗu kusa da Jupiter suna sauya wuri dare bayan dare, ya gane watanni ne masu kewaya ta. Abin lura shi ne yadda ya kare wannan magana. Bai tsaya ga rubutu ba, ya riƙa ƙera madubai yana aika wa sarakuna da masana domin su duba da kansu. An samu waɗanda suka ƙi leƙawa, an samu waɗanda suka leƙa suka ce gilashin ne ke yaudara, amma da madubai suka yawaita a hannun mutane daban-daban gardamar ta mutu.

Al'adar a siffarta ta yanzu ana danganta ta da John Dobson, Ba'amurke da aka haifa a birnin Beijing a 1915, ya rasu a 2014 yana da shekara 98. Ya karanta ilimin sinadarai, sannan ya shafe shekara 23 a wani gidan ibada na ɗariƙar Vedanta a jihar California. A can ya fara goge gilasan tagogin jiragen ruwa da aka yar yana mayar da su madubai, yana sa su cikin bututun kwali mai kauri, ya ɗora a kan akwatin katako mai juyawa. Yawan fitarsa da dare don nuna wa maƙwabta sama na cikin abin da ya haddasa rabuwarsa da gidan a 1967. A 1968 shi da wasu matasa biyu suka kafa ƙungiyar masu kallon sama na bakin titi a San Francisco. Bai yi wa ƙirarsa rajistar mallaka ba, ya bar ta kowa ya kwaikwaya, kuma har yau irin wannan madubi da sunansa ake kiransa. Muhimmancin ƙirar shi ne ta karya farashi: babban madubi da a da sai mai hali, ya zama abin da kafinta mai haƙuri zai iya haɗawa.

Daga baya hukumomi suka shigo. An ayyana 2009 a matsayin shekarar ilimin falaki ta duniya, cika shekara 400 da fara kallon Galileo, kuma daga 2 zuwa 5 ga Afrilun shekarar aka yi wani shiri na awa 100 inda masu madubai a ƙasashe da dama suka fito tituna. Tun 2010 hukumar NASA ke jagorantar wani dare na musamman kowace shekara don kallon wata. A Afirka ma akwai masu yi. A Kenya, Susan Murabana da mijinta suna yawo da madubi zuwa makarantu da ƙauyuka, a Najeriya kuma reshen ƙungiyar Astronomers Without Borders ya kai madubai makarantu har da sansanonin 'yan gudun hijira.

Me ya sa duniyoyi, kuma me ido ke gani

Akwai dalilin da ya sa duniyoyi da wata ne kayan bakin titi. Wani bincike kan hasken fitilu da aka wallafa a 2016 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen duniya suna zaune ne ƙarƙashin sama da fitilu suka dusashe, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku ba sa iya ganin farin zanen taurarin nan da ke ratsa sama a dare mai duhu. Gungun taurari masu nisa suna ɓacewa a birni. Duniyoyi kuwa haskensu ya fi ƙarfin fitilar titi, saboda haka mai madubi ba ya buƙatar jan mutane zuwa daji, shi ne zai je inda suke.

Ya kamata a faɗi gaskiyar abin da za a gani. Jupiter, wadda faɗinta ya ninka na duniyarmu kusan sau 11, tana bayyana a matsayin ƙaramin faifai mai ratsi biyu masu duhu, da ɗigogi har huɗu a jere a gefenta. Na kusa da ita yana gama zagaye cikin kamar awa 42, don haka wanda ya dawo gobe zai tarar jerin ya sauya. Venus tana nuna siffofi irin na wata, wani lokaci rabi, wani lokaci lauje, abin da Galileo ya gani a ƙarshen 1610 ya zama hujjar cewa rana take kewayawa. Mars ita ce ta fi ba mutane kunya, domin sai kusan kowane wata 26 take matsowa, a sauran lokaci ɗan jan ɗigo ce kawai. Saturn kuwa ita ce sarauniyar fage. Da girmamawa sau 30 kacal zobenta yake fara fitowa, kuma masu wannan aiki sun daɗe suna ba da labarin yadda mutane kan zagayo gaban bututun su duba ko hoto aka manna. Galileo kansa bai gane cewa zobe ne ba, sai da Christiaan Huygens ya bayyana shi a 1659. Zoben ba kullum yake a buɗe ba: a Maris na 2025 ya juyo mana da gefensa har ya kusa ɓacewa, abin da ke faruwa duk bayan shekara 13 zuwa 16. Sannan akwai wani darasi da ba a shirya shi ba. A madubi marar inji, duniyar da aka saita takan zame ta fice daga gani cikin minti ɗaya ko biyu, sai an sake turo bututun. Ba ita ke gudu ba, ƙasar da mai kallo ke tsaye a kai ce ke juyawa, kuma ga shi yana gani.

Hujjar masu cewa hoto ya wadatar

Wannan ita ce suka mafi ƙarfi, kuma rabinta gaskiya ne. Madubin Hubble da aka harba a 1990, da na James Webb da aka harba a Disambar 2021, da kumbon Cassini da ya zauna kusa da Saturn daga 2004 zuwa 2017, sun kawo hotunan da babu madubin bakin titi da zai kama ƙafarsu. Wanda ya saba da su a waya zai iya leƙawa ya ce, shi ke nan? Idan manufar ita ce ganin Saturn dalla-dalla, to waya ta yi nasara, babu musu.

Amma hoto da leƙawa ba aiki ɗaya suke yi ba. Hoto labari ne da ya bi ta hannu da yawa: na'urar da ta ɗauka, masanan da suka gyara launi, kafar da ta wallafa, da wanda ya turo. Hotunan James Webb ma da hasken da ido ba ya gani ake ɗaukarsu, daga baya a sa musu launi don mutum ya fahimta. Wannan ba ha'inci ba ne, amma yana nufin mai kallo dole ya yarda da wasu. Yanzu kuma da kwamfuta ke ƙirƙirar hoton abin da bai taɓa faruwa ba cikin daƙiƙa, yardar nan tana ta raguwa, har ana samun masu ƙaryata komai baki ɗaya. Madubin bakin titi ba ya neman a yarda da kowa. Hasken da ya baro Saturn fiye da awa ɗaya da ta wuce shi ne ke shiga idon mai leƙawa kai tsaye, ba waya, ba batir, ba allo. Mai shakka yana da damar ya ɗaga kai ya ga ɗigon da ido tsirara, ya bi bututun ya tabbatar can ya nufa, ya sa tafin hannu a gaba ya ga siffar ta ɓace. A nan ne maganar Hausawa ta gani ya kori ji take aiki da cikakkiyar ma'anarta.

Misalin da ya fi nuna amfanin wannan shi ne jita-jitar Mars. A ranar 27 ga Agustan 2003 Mars ta matso kusa da mu fiye da yadda ta yi cikin dubban shekaru, kamar kilomita miliyan 56. Wani saƙo ya bazu yana cewa idan aka girmama ta sau 75 a madubi za ta yi daidai da girman wata a ido tsirara. A hanya sai aka yar da sharaɗin madubin, saƙon ya koma cewa za a ga wata biyu a sama, kuma ya riƙa dawowa kowane Agusta shekara da shekaru. Wata yana nisan kamar kilomita 384,000 ne, wato Mars a mafi kusancinta ta ninka nisansa fiye da sau 140. Wanda ya taɓa ganin ƙanƙantar Mars a madubi ba ya buƙatar wannan lissafi kafin ya yi watsi da saƙon. Haka abin yake ga haɗuwar Jupiter da Saturn ta 21 ga Disambar 2020, mafi kusa tun 1623, da jerin duniyoyin da aka yi ta yayatawa a Fabrairun 2025. Duk lokacin da irin wannan ya zo sai an samu masu haɗa shi da bala'i. A madubi kuwa abin da ake gani duniyoyi ne da suka dace a layin ganinmu, alhali tsakaninsu akwai ɗaruruwan miliyoyin kilomita.

Sauran suka, da inda suke da gaskiya

Akwai masu cewa ɗan sa-kai ba masani ba ne, zai iya koya wa mutane kuskure. Haka ne, kuma Dobson kansa misali ne: ya rayu yana musun ra'ayin da mafi yawan masana suka tafi a kai game da farkon sararin samaniya, kuma ba ya ɓoye hakan. Sai dai ra'ayinsa bai sauya ko ɗaya daga cikin zobban Saturn da ya nuna wa mutane ba. Abin da madubi ke nunawa ba ya bin fahimtar mai shi, kuma wannan ne ke taƙaita ɓarnar. Abin da ya wajaba a kan mai nunawa shi ne ya raba abin da ake gani da abin da yake zato. Bayan haka, tarihi bai goyi bayan raina 'yan sa-kai ba. William Herschel makaɗi ne lokacin da ya gano Uranus daga bayan gidansa a garin Bath na Ingila a 1781. A Yulin 2009 Anthony Wesley, mai sha'awa a Ostireliya, shi ya fara ganin tabon da wani abu ya bari bayan ya faɗa wa Jupiter, sannan manyan madubai suka juya suka tabbatar. Dalilin a fili yake: manyan madubai 'yan kaɗan ne kuma lokacinsu a ƙayyade yake, masu sha'awa kuwa dubbai ne a kowane sashe na duniya.

Sukar cewa wannan shagali ne a inda ake fama da abinci da tsaro tana da nauyi, kuma ba za a amsa ta da cewa kallon sama yana maganin yunwa ba. Amsar tana cikin lissafin kuɗi. Madubi ɗaya, idan an kula da shi, yana shekaru yana aiki, ba ya shan mai, ba ya jiran wuta, kuma a dare guda mutum ɗari ko fiye za su iya bin layi su leƙa. Da wuya a samu wani kayan koyar da kimiyya da zai kai wannan arha idan aka raba kuɗinsa a kan yawan waɗanda suka amfana, musamman a makarantun da ake koyar da darasin duniyoyi da zane a allo kawai. Abin da ba za a yi alƙawarinsa ba shi ne cewa duk yaron da ya leƙa zai zama masani. Mafi yawansu ba za su zama ba, kuma ba shi ne ma'aunin ba.

Inda sukar ta fi cancanta a saurara shi ne batun haɗari. Duban rana ta madubi ba tare da matatar haske ta musamman da ake sawa a gaban bututun ba yana ƙona ido nan take, kuma makantar ba ta warkewa. Baƙin tabarau, ko gilashin da aka shafa wa hayaƙi, ko tsohon fim ɗin hoton asibiti, duk ba kariya ba ne. Madubin da aka bari a tsaye da rana ba mai tsaro, inda yara ke wasa, tarko ne. Haka koren hasken leza da wasu ke nuna taurari da shi yana iya dushe idon matuƙin jirgin sama, kuma a Amurka laifi ne a haska shi ga jirgi.

Idan za a yi a ƙasar Hausa

Yanayin wurin yana da nasa taimakon. Kano tana kusan daraja 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka duniyoyi sukan bi ta can saman kai, inda iskar da haske zai ratsa ba ta da kauri, abin da mai kallo a Ingila ba ya samu sau da yawa. Ƙarancin wutar lantarki, duk da ba abin alfahari ba ne, ya bar wa ƙauyuka da yawa sama mai duhu. Cikas ɗin shi ne gajimaren damina da hazon hunturu, wanda ƙurarsa ke dusashe sama tana kuma lalata gilashi idan ba a rufe shi ba. Sannan jama'a ba baƙi ba ne ga duban sama: neman jinjirin watan azumi da na salla al'ada ce mai rai, manoma sun san taurarin nan da ake kira kaza da 'ya'yanta, kuma da yawa suna tuna husufin rana na 29 ga Maris 2006 da ya ratsa Gana, Togo, Benin, arewa maso yammacin Najeriya, Nijar da Chadi.

Wannan kusanci da addini yana buƙatar taka-tsantsan. Mai madubi zai iya nuna wa mutane jinjirin wata, amma sanar da tsayuwarsa ba aikinsa ba ne. A Najeriya fadar Sarkin Musulmi ce ke sanarwa, kuma matsayin ganin da aka yi da na'ura magana ce ta malamai. Haɗa kai da malaman makarantun boko da na Islamiyya tun farko shi ne zai hana a yi wa aikin kallon duba. Akwai kuma abin da mai kallo a San Francisco ba ya tunani a kai sosai: dogon bututu a kan ƙafafu uku, da dare, an nufa sama, yana iya yi wa jami'in tsaro kama da makami. Sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa, da zaɓen fili sananne kamar harabar makaranta, da nisantar barikin soja da filin jirgi, sharuɗɗa ne da ya kamata a cika kafin a fito da madubin daga jakarsa. Daren da ya fi dacewa a fara shi ne na 7 ko 8 ga wata, lokacin da rabinsa ke da haske, inuwar duwatsu da ramukansa ta fito sarai a kan layin da ya raba haske da duhu, kuma yana sama tun magariba kafin yara su yi barci.